Aron Kunne

Nomau ya zo rumfata da hantsi,
hannuna cikin hanjin wata rediyo.
Ya ce, "Yaya, ara mini kunnenka.
Shekara ashirin kana sauraron ciwon ƙarfe,
zo ka zaɓa mini wadda ba ta ƙarya."

Kuɗin suna ƙulle cikin safa.
Garkar albasarmu ta Mirya ce
ta koma takarda, ta shige aljihu.

Bayan Kasuwar Dole, shagon Alhaji Kalla,
na'ura uku jingine da bango
kamar sandunan makafi sun taru hira.
Alhaji ya zuba yashi a daro,
ya binne ƙusa, ya binne murfin kwalba,
ya binne ƙwayar zinariya
da ba ta kai idon fara ba.

Ta fari sabuwa fil, tana ƙamshin kwali.
Ta yi ihu kan ƙusa, ta yi ihu kan murfi,
har haƙorin Makka na bakin Alhaji
sai da ta miƙa masa gaisuwa.
Na ce, wannan maroƙiya ce,
kowa ya gifta sai ta yi masa kirari.
Mai bin ta zai tone rabin hamada
ya dawo da buhun gwangwanin sardin.

Ta biyu baƙa, wai daga Dubai,
faifanta ya kai murfin tukunyar biki.
Alhaji ya rantse tana jin kamu uku a ƙasa,
tana da allo, tana ƙirga da lamba.
Nomau ya ɗaga, kafaɗa ta karkace.
Batirinta ba ya kai la'asar,
kuɗinta kuwa garka biyu ne,
mu ɗaya Baba ya bar mana.

Ta uku ta je Jado ta dawo.
An ɗaure wuyanta da robar keke,
mariƙin ya sha gumi har ya yi santsi,
an kankara suna da tsinin wuƙa: Mato.
Na sa kaske, na rufe ido.
Kan ƙusa ta yi gunaguni.
Kan murfi ta ja tsaki ta wuce.
Kan zinariya sai murya siririya,
sauro guda a daren damina,
wanda ba ka gani, amma ka san naka ne.

Na ce, "Ina mai ita?"
Alhaji ya ce, "Ya dace! Ya gina bene a Agadas."
Yaron shago bai ce komai ba,
ya shiga share wurin da ya riga ya share.

Ita muka ɗauka.
Na rage jika hamsin saboda robar,
Alhaji ya saki ba gardama,
wannan ma kunnena ya ji.

Da yamma muka gwada ta a gida,
cikin Birni, gindin dutsen da muka yi wasa.
Ta zaga tsakar gida shiru,
sai kusa da turken akuya ta yi gunaguni.
Na ce ƙarfe ne, bar shi.
Nomau ya tona duk da haka:
ruwan hauyar Baba, tsatsa ta cinye rabi.
Ya yi dariya har da riƙe ciki.
Inna Gwamma ta karɓa, ta kakkaɓe,
ta ce, "Da ita yake noma ranar da na haife ka,"
ta kai ɗaki.

Alhamis motar arewa za ta tashi.
Na koya masa ya bar faifai kusa da ƙasa,
ya yi tafiyar hawainiya,
kada ya amince da kukan da ya cika daɗi.

Da ya yi barci na ɗauko na'urar,
na sake mata waya, na goge bakin batir.
Sannan na fiddo tsinin wuƙata,
ƙarƙashin sunan Mato
na kankara lambar wayata,
don duk wanda ya dawo da ita
ya san wanda zai kira.